Kulocin Hilux ɗina yana laushi idan mota ta ɗau zafi: masta ce ko faranti?

Ɗan_Mansur96:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sanin mota kafin in kashe kuɗin da ba ni da su. Ina da Hilux 1996, injin 22R, giyar hannu. Da ita nake ɗauko kayan gwari daga Halaka, babbar kasuwar gwari ta Jidda, zuwa shagon maigidana a nan Makka. Yau kusan sati uku ke nan kuloci na ba ni wahala. Da asuba lafiya lau, kowace giya tana shiga ba gardama. Amma da zarar rana ta take, musamman in na shiga layin shingen bincike na Shumaisi ina taka kuloci ina saki, sai feda ta yi laushi, lamba ɗaya ta ƙi shiga, ribas kuwa ta riƙa ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Jiya abin ya tsorata ni. Na tsaya a danja, mota na cikin giya, ƙafata na kan kuloci har ƙasa, sai na ji tana jan jiki gaba ita kaɗai. Na danna birki ta mutu, saura ƙiris in daki motar da ke gabana, da yara a cikinta.

Na kai ta wata warsha. Mai warshar ko sunkuyawa bai yi ya leƙa ƙarƙashinta ba, ya ce sahan, wato faranti, da disk da fahma ne, duk kayan cikin kuloci, sai an sauke giyabos, riyal 1,300. Zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah wanda ya san abin ya taimaka min.

Sani_Direba:
Wa alaikumus salam. Faranti ne, Malam. Tawa ma bara giya ta ƙi shiga, da aka sauke giyabos aka tarar faranti ya cinye har ƙusoshinsa sun fito. Mota ta kusa shekara talatin tana jan buhunan albasa kullum, ai dole. Ka daure ka biya a wuce wurin.

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
Sani, dakata tukuna. Farantin da ya cinye, babbar alamarsa zamewa ce: ka taka totur, inji ya yi kuka, mota ba ta gudu daidai da kukan, musamman a hawa ko da kaya, wani lokaci har ka ji ƙauri. Abin da ɗan'uwanmu ya kwatanta kishiyar wannan ne. Nasa kulocin ƙin saki yake yi.

Ɗan_Mansur, ƙanena, amsa min waɗannan. In ka kashe inji, giya tana shiga duka? In ta ƙi shiga ka tattaka feda sau uku ko huɗu da sauri, tana yarda? Man da ke cikin ɗan kofin nan na kuloci, wanda ke kusa da na birki, yana raguwa? Kuma wane launi ne shi yanzu?

Ɗan_Mansur96:
Na gode Mu'allim. In inji na kashe duk suna shiga, har ribas. In na tattaka feda kuwa tana yarda, abin da nake yi ke nan a layi har cinyata ta yi tsami. Mai na duba yanzu, ya sauka kaɗan ƙasa da layin sama, kuma baƙi ne kamar shayin da aka manta a kan wuta. Tun da motar ta zo hannuna shekara shida ban taɓa canza shi ba, ban ma san ana canzawa ba. Zamewa kuwa babu, ko watan jiya na hau hanyar dutsen Hada zuwa Ɗa'if da kaya ba ta yi min komai ba.

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
To alhamdu lillahi. Kada ka bari kowa ya taɓa giyabos ɗin nan tukuna. Motar da ta hau Hada da kaya ba ta zame ba, farantinta na da sauran rai.

Bari in yi maka bayanin yadda abin yake, don in ka koma warsha a san ka san abin da kake faɗa. Babu waya tsakanin fedarka da kuloci, mai ne ke kai saƙo. In ka taka feda, wani ɗan sanda yana tura fistin a cikin masta ta sama, wadda ke manne a jikin bangon da ya raba ka da inji. Ita ce 'yan nan ke kira ulba fok. Fistin ɗin yana da roba da ke tare mai, sai ya tura shi ta cikin bututun ƙarfe da ɗan guntun tiyo zuwa masta ta ƙasa, ulba tahat, wadda ke jikin giyabos. Ita kuma ta tura cokali, cokali ya tura fahma, fahma ta danne disk, disk ya saki faranti. Duk inda ƙarfin man nan ya sulale a hanya, faranti ba zai saku gaba ɗaya ba, giyabos zai ci gaba da juyawa tare da inji. Shi ya sa ribas ke ƙara fiye da sauran, don a tsofaffin motocin nan ba ta da zoben da ke daidaita gudu kamar giyoyin gaba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne maganar danja. Ka riƙe feda a ƙasa, can mota ta fara tafiya. Ma'anarsa da farko ƙarfin ya isa, sai ya riƙa zarewa a hankali. Sau da yawa robar masta ta sama ce ta gaji, mai yana zagaye ta yana komawa kofi ta ciki. Ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Da safe robar tana da ɗan tauri, mai yana da kauri, sai ta riƙe. Da zafi ya zo sai asirinta ya tonu.

Abu_Fahad_Takari:
Wallahi kalam Mu'allim sahihi ne miya bil miya, ɗari bisa ɗari. Datsun ɗin babana haka ta yi, ulba fok aka canza khalas.

Injiniya_Nura_Yanbu:
Na yarda da Mu'allim Idi, amma akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Ya ce mai ya ragu. Mastar da ke zagaye mai ta ciki ba ta rage mai, don kofi yake komawa. Ke nan akwai inda yake fita waje. Yaya Ɗan_Mansur, ka ɗauki tocila ka kwanta a wurin ƙafar direba, ka bi sandan da ya tashi daga feda ya shige bango. In ka ga jiƙa a wurin, ko fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko dardumar ƙasa ta yi danshi mai santsi, masta ta sama na yoyo ta baya. Man birki yana cin fenti, ba ya ɓoyuwa. Sannan ka shiga ƙarƙashi ta ɓangaren fasinja, ka ɗan ja robar nan mai kama da zugazugi da ke bakin masta ta ƙasa. Cikinta ya kamata ya zama a bushe. In mai ya tsiyayo, ita ma ta tafi.

Batun launin mai kuma ba ƙaramin abu ba ne. DOT 3 da DOT 4, wato nau'ukan man birkin da ake zubawa a kofin kuloci, suna shan danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa ma'aunin yana sauka zuwa wajen 140. DOT 4 kuma 230 ne, ya sauka zuwa 155. Mota mai zirga-zirga a Jidda, da wannan gumin na bakin teku, shekara shida ba canji, ruwan da ke cikin man nan ya isa ya sa tsatsa a cikin silinda. Baƙin da kake gani kuwa robar ce ke narkewa a ciki.

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
Gaskiyarka Injiniya, na wuce maganar raguwar mai da sauri. Ana iya samun cuta biyu a jiki ɗaya.

Baba_Sale_Biriman:
Yara, ku ji ta bakin tsoho. Shekarata ashirin da ɗoriya ina aiki a tashlih, inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu. Ƙofa, fitila, giyabos, har inji, ku zo mu sayar muku. Amma duk abin da ke da roba a cikinsa yana riƙe mai, kada ku saya a wurinmu. Motar da ta yi shekara biyu a kwance cikin ranar Biriman, robarta ta bushe kamar ƙirgi. Za ka ɗaura ta yi maka sati guda ta watsa maka ƙasa a ido. Na faɗa ne don na san Ɗan_Mansur zai ce bari ya zo wurin Baba ya sami mai sauƙi. Ka zo mu sha shayi, ɗana, amma masta ka sayi sabuwa.

Sani_Direba:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Tawa ma giya ce ta ƙi shiga, kuma faranti ne. Ba kowane ƙin shiga ba ne mai.

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
Ba a ƙi taka ba, Sani. Faranti na iya lanƙwashewa, ko wani sifirin nasa ya ɓalle ya maƙale, ko ɗan boris ɗin da ke tsakiyar fulawil ya kafe, ko cokali ya tsage. Duk waɗannan suna hana giya shiga. Bambancin shi ne, su in ka tattaka feda sau ɗari ba abin da zai canza. Ƙarfen da ya lanƙwashe ba ya miƙewa don an yi masa famfo. Nasa yana gyaruwa da famfo, saboda haka a fara da inda mai yake. Gwajin kyauta ne, sauke giyabos kuwa yini guda ne da kuɗi.

Hajiya_Rusaifa:
Salamu alaikum. Ni ba makanikiya ba ce, amma bari in faɗi abin da ya same mu ko wani zai tsira. Bayan an ba mata izinin tuƙi a 2018, da tsohuwar Corolla ta maigidana na koya, mai giyar hannu. Wata rana ɗana ya ga man kuloci ya yi ƙasa, yana son ya taimaka, sai ya ɗauko jan man nan na sitiyari ya cika kofin. Kwana biyu ba mu ga komai ba. A na huɗu feda ta yi nauyi, ba ta dawowa da sauri, mota ta fara zamewa a hawan unguwarmu, ga ƙauri. Da aka buɗe murfin kofin, robar da ke ƙarƙashinsa ta kumbura ta yi lankwasa har ba ta koma mazauninta. Sai da aka canza ta sama da ta ƙasa da tiyo, aka wanke bututu. Mai gyaran ya nuna min robobin a tafin hannunsa, sun yi suntum kamar waken da ya kwana a ruwa. Don Allah kowa ya karanta abin da aka rubuta a kan murfin kafin ya zuba komai.

Injiniya_Nura_Yanbu:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan darasi ne babba. Robar da ke cikin birki da kuloci ba ta jure man da aka samo daga fetur, ko na inji ne ko na giya ko na sitiyari. Zamewar da kika gani kuma tana da dalili. A cikin masta ta sama akwai 'yar ƙofa da mai ke bi ya koma kofi idan an saki feda. In roba ta kumbura ta toshe ta, mai ya rasa hanyar komawa, sai ya zama kamar an ɗora ƙafa a kan kuloci kullum. Haka ma yake faruwa in wani ya ƙara tsawon sandan feda fiye da kima don wai kuloci ya taso sama. Shi ya sa ake barin ɗan wasa a feda kafin ta fara tura komai. A Toyota na wancan zamanin milimita 5 zuwa 15 ne. Ke nan Sani, ko zamewar ma ba kullum ba ce faranti.

A kula kuma, DOT 5 daban yake, na silikon ne, ba a haɗa shi da 3 ko 4. DOT 5.1 shi ne ɗan gidansu. Lambobin na ruɗa mutane a kanti.

Ɗan_Gadarif:
Gaisuwa ga jama'a. Mu a Sudan boksi muke ce wa irin motar nan, kuma ba abin da ba ta gani ba a hannunmu. Lokacin girbin riɗi ina bin wani usta a matsayin yaron mota, tiyon kuloci ya fashe mana tsakanin gonaki, nesa da Hawata, ba gari ba kanti. Usta ya yanki robar tayar ciki ya naɗe wurin, ya ɗaure da waya, ya kaɗa sabulu a ruwa ya zuba a kofi. Da haka muka lallaɓa muka fito titi. Ban manta ba, da muka isa Gadarif ko abinci bai ci ba sai da ya zubar da ruwan nan ya wanke da man birki har sau uku. Ya ce ruwan da ya fitar da kai daji in ya kwana a silinda shi zai cinye ta.

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
Dabarar daji ke nan, kuma ustanka ya san abin da yake yi tunda ya wanke a ranar. Amma ina roƙon matasan da ke karantawa, wannan a kuloci ne kawai, kuma inda ba makawa. Kada wanda ya kuskura ya gwada a birki. Tsakanin Jidda da Makka kuwa kowace mahaɗɗa, wato gidan mai, akwai man birki, ba uzuri.

Aminu_Kilo14:
Ni tambayata, me ya sa mutum zai ci gaba da wahala da giyar hannu a cunkoson Makka? Ka sayar ka nemi otomatik ka huta, yaya.

Ɗan_Mansur96:
Aminu, motar nan ita ke ciyar da gida biyu, nan da Kano. Ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Ba zan rabu da ita a kan roba ba.

Abu_Fahad_Takari:
Kuma ya Aminu, tsohuwar tana da rahama. Ulba tahat ɗinta a waje take, kusoshi biyu ka kwance ka ɗaura. Yawancin sababbin motoci masu giyar hannu an cusa ta cikin giyabos an haɗe ta da fahma, in ta yi yoyo sai an sauke komai.

Wani abu kuma da na tuna, ko da ba shi ne matsalar Ɗan_Mansur ba. Ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, Datsun ɗinmu ta sha ruwa a Ƙuwaiza, ta yi wajen wata biyu a tsaye. Da muka tayar da ita feda lafiya, mai lafiya, amma giya ta ƙi shiga ko kaɗan in inji na aiki. Ashe faranti ne ya yi tsatsa ya manne da fulawil. Wanda ya ajiye mota ya tafi gida hutu mai tsawo, ya sa wani ya riƙa motsa ta.

Ɗan_Mansur96:
Na dawo da rahoto. Bayan la'asar na sa mota a firi, na ja birkin hannu, na sa dutse a bayan taya, inji a kashe amma da sauran zafinsa. Wurin ƙafar direba a bushe yake, fenti lafiya, darduma ba danshi. Na shiga ƙarƙashi, na ja robar masta ta ƙasa kamar yadda Injiniya ya ce, sai mai ya gangaro min a yatsa, baƙi, kamar rabin cokalin shayi. Sai na ce wa ɗana ya taka feda ya riƙe. Sandan ya fito ya tura cokali kamar faɗin yatsa guda. Ina kallonsa, ina ƙirga a zuci, kafin in kai ashirin ya fara komawa ciki a hankali, alhali yaron ya rantse bai ɗaga ƙafa ba. Mun maimaita sau uku, haka.

Injiniya_Nura_Yanbu:
To ga ɓarawo ɗaya an kama. Ta ƙasa tana yoyo, kuma in mai na fita ta nan, iska na iya shiga ta nan.

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
An kama ɗaya, amma ina zargin yana da abokin tafiya. Rabin cokalin da ya taru cikin makonni bai isa ya sa sanda ya koma baya cikin daƙiƙa ashirin ba. In da ta nan ƙarfin ke zurarewa da wannan saurin, da ka ga mai na ɗiga a gabanka, kofi kuma da ya ƙafe tuntuni. Ga yadda za ka raba gardama: ka matse guntun tiyon nan da abin matsewa, ka sa tsumma don kada ya ji ciwo, sai ka taka feda a hankali da hannu. In ta yi tauri ta tsaya cak, ta sama lafiya take. In ta ci gaba da nutsewa, ita ce. Shawarata dai ka canza su biyun tare. Shekarunsu ɗaya, mai ɗaya suka sha. In ka sa sabuwa a ƙasa, ƙarfin da take riƙewa zai ƙarasa tsohuwar ta sama.

Baba_Sale_Biriman:
Idi, ban so matse tiyo ba. Tiyon da ya kai shekarun nan in ka matse shi cikinsa yake karyewa, ba ka gani daga waje. Na ga wanda ya zama kamar ƙofar tarko, mai ya wuce ya kasa dawowa. Gara a kwance bututu daga bakin ta sama a toshe da kusar da ta dace, a yi gwajin a nan.

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
Maganarka dutse, Baba. Na faɗi matsewa ne don shi a gida yake, ba lallai yana da abin toshewa ba. In zai canza tiyon daga baya, ya matse. In ba zai canza ba, ya bi taka.

Sani_Direba:
Me zai hana ya sayi kit kawai, robobi da fistin? Ai ya fi araha nesa ba kusa ba.

Ɗan_Gadarif:
Mu da kit muka saba, don sabuwar masta ba kullum ake samu ba. Yana yi, in cikin silinda sumul yake. Ka wanke, ka ɗaga ta saitin rana ka leƙa, ka sa ɗan yatsa ka shafa. In ka ji rami ko kaushi, sabuwar roba ba za ta yi wata ba.

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
Haka ne. Kuma da man da ya yi shekara shida, zan yi mamaki in cikin sumul ne. A kanti za a tambaye ka, asli ko tijari, wato ta asali ko ta kasuwa. Aisin ne ke ƙera wa Toyota irin waɗannan, in ka samu a kwalinsu ka samu ta asali. Tijari kuma iri-iri ne, akwai mai kyau akwai wadda kwalinta ya fi ta daraja.

Ɗan_Mansur96:
Jama'a, kuɗin hannuna ta ƙasa kawai suka isa, ita na saya, da gwangwani biyu na DOT 3 kamar yadda aka rubuta a murfi. Na ɗaura. Yanzu feda ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba ta tasowa sai na jawo ta da hannu. Na ɓata wani abu ne?

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
Ba ka ɓata komai ba, iska ce ta cika layin. Sai ka yi tansim. Tsotse tsohon man da ke kofi da sirinji, goge cikin, cika da sabo. Nemo siririn tiyo mai haske, irin na ƙarin ruwa, ka sa a kan ɗan nonon da ke jikin masta ta ƙasa, ɗaya bakin ka tsoma a kwalba mai ɗan mai a ciki. Yaronka ya taka feda a hankali ya riƙe. Kai ka buɗe nonon kamar kwata, mai da kumfa su fito, ka rufe, sannan ka ce masa ya ɗago feda. Kada ya ɗago kafin ka rufe, in ya yi haka iskar za ta koma. Bayan kowane zagaye uku ko huɗu ka tashi ka duba kofi, don ƙarami ne, in ya ƙafe kun koma farko. Ku ci gaba har mai ya riƙa fitowa garau ba kumfa. Nonon nan kada ka ɗaure shi da ƙarfin tsiya, yana karyewa. In mai ya zuba a fenti ka wanke da ruwa nan take, kuma ka kiyaye idonka.

Hajiya_Rusaifa:
Allah ya yi wa yaron nan albarka, yana ta taya babansa. Malam, in ba ta gyaru ba kada ka shiga hanya da ita, ka kira satha, motar nan da ke ɗaukar mota a bayanta. Maganar yaran nan da ke motar gabanka ta tsaya min a rai.

Aminu_Kilo14:
Ai ana iya tuƙa ta ba kuloci. Ka kashe, ka sa lamba ɗaya, ka tayar a cikin giya, sauran ka bi sautin inji ka canza.

Baba_Sale_Biriman:
Ana iyawa, ɗana, a hanyar da ba kowa. A Shari'a Mansur bayan magariba, mutane na tsallakawa ta ko'ina, ba wurin wannan ba ne. Bi ta Hajiya.

Ɗan_Mansur96:
Alhamdu lillahi, mun yi tansim, sai da muka ƙarar da gwangwani ɗaya da rabi kafin baƙin ya daina fitowa. Kwana huɗu mota ta yi kamar sabuwa, har na fara shirin zuwa in yi muku godiya. Yau da azahar a Shumaisi, layi ya yi tsawo, sai lamba ɗaya ta sake yin gardama. Ba kamar da ba, kuma mai bai ragu ko kaɗan ba, ƙasa a bushe. Amma da na riƙe feda na ɗan lokaci na ji mota na son motsawa, sai na mayar da ita firi.

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
Abokin tafiyar da na faɗa ke nan. Mai bai ragu ba, waje a bushe, ƙarfi na zurarewa da zafi. Ta sama ce, ƙanena.

Injiniya_Nura_Yanbu:
Mai yiwuwa ne ƙwarai, amma kafin ya sake kashe kuɗi ina so ya duba abu biyu. Tsohon tiyo in ya ɗau zafi yana iya kumbura kamar balan-balan idan an taka, ya shanye rabin tafiyar mai. Yaro ya taka, shi ya riƙe tiyon a hannu ya ji ko yana buɗewa. Na biyu, a 22R salansa ta ɓangaren direba take fitowa daga inji, gefe ɗaya da masta ta sama. In faifan ƙarfen da ke tare zafi a kanta ya ɓace, kamar yadda yake ɓacewa a yawancin tsofaffin nan, wurin yana gasuwa a cunkoso. Kuma ban cire yiwuwar sauran iska a layin ba.

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
Tiyon da ke kumbura yana rage tafiyar sanda tun farkon takawa, Injiniya, ba ya sa sanda ya koma baya bayan an ƙirga ashirin. Iska ma haka. Amma ya duba, ba asara.

Sani_Direba:
In kun canza ta sama ma ta sake yi, ku tuna da maganata.

Ɗan_Gadarif:
Ka kuma girgiza fedar da hannu gefe da gefe. Ɗan ƙarfen da ya haɗa ta da sanda yana cinyewa, raminsa ya zama kamar ƙwai, sai rabin takunka ya tafi a banza. Na ga boksi biyu da haka.

Ɗan_Mansur96:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Faifan tare zafin babu shi, yanzu na leƙa, kusoshinsa ne kawai suka rage. Feda kuma tana da ɗan girgiza amma ba sosai ba. Albashi sai Alhamis. Kafin nan na roƙi maigida a riƙa fita tun kafin asuba a dawo kafin rana ta yi, kuma a danja ina sa ta a firi. Baba Sale, faifan nan ai ƙarfe ne ba roba ba, ana samunsa a wurinku? Mu'allim, in na zo Jidda Alhamis da ta saman a hannu, za ka sami lokaci mu toshe bakin tsohuwar mu gwada ta kafin a buɗe kwalin sabuwar?

Baba_Sale_Biriman:
Akwai Hilux biyu masu 22R a layinmu, gobe zan duba ko da sauran faifan a jikinsu.

Mu'allim_Idi_Sana'iyya:
Ka zo bayan azahar, lokacin da take da zafinta, don a sanyi ba za ta nuna halinta ba. Ka taho da sauran rabin gwangwanin nan, in ka rufe bakinsa da kyau.